Went: Agola a Gidan Go

Duk wanda ya zauna a ajin firamare a Najeriya ko Gana ya rera jerin nan: *go, went, gone*. Malam yana buga tebur da rula, yara suna amsawa da ƙarfi, daga nan a wuce zuwa *come, came, come*, sai *see, saw, seen*, sai *take, took, taken*. Da yake hadda ce, ba wanda yake tsayawa ya dubi fuskar kalmomin. Amma a dube su. *Came* ta yi kama da *come*, wasali ɗaya ne ya sauya. *Saw* da *see* sun haɗa harafin farko, haka *took* da *take*. *Went* kuwa ba ta haɗa ko harafi ɗaya da *go* ba. Dalilin shi ne ba a gidan aka haife ta ba. Agola ce: uban da ya haife ta daban, gidan da ta girma daban, kuma ta daɗe a gidan har an manta cewa kawo ta aka yi.

Kafin mu bi sawunta, sai mu tuna yadda Ingilishi yake nuna lokaci, domin a nan ya saɓa da Hausa tun daga tushe. Bahaushe yana cewa na tafi, zan tafi, nakan tafi. Aikatau yana nan yadda yake, abin da ke gabansa ne yake ɗaukar nauyin lokaci. Bature kuwa a jikin aikatau yake yin alamar shuɗaɗɗen lokaci, kuma hanyoyi biyu ya gada. Ta farko ita ce sauya wasalin ciki, kamar *sing, sang, sung*. Wannan tsohuwar hanya ce ƙwarai, ta girmi Ingilishi kansa da dubban shekaru. Ta biyu ita ce liƙa ɗafa-ƙeya mai sautin *d* ko *t*, kamar *walk, walked*. Masanin harshen nan na Jamus, Jacob Grimm, wanda ya fara fitar da littafinsa na nahawun Jamusanci a 1819, shi ya raɗa wa kashi na farko suna "masu ƙarfi", saboda suna nuna lokaci da kansu ba tare da taimako daga waje ba, na biyu kuma ya kira su "raunana". Abin dariya shi ne raunanan ne suka ci ƙasa. Yau duk wani sabon aikatau da ya shigo Ingilishi, ko daga fasahar kwamfuta ko daga aro, *-ed* ake liƙa masa ba tare da shawara da kowa ba.

To, *go* ba ta shiga ko ɗaya daga cikin sahun biyu ba, kuma wannan ba sabon abu ba ne a wurinta.

A ƙarni na 5 ne ƙabilun Angul da Sakson da Jut suka ƙetaro daga yankin da yake arewacin Jamus da Denmak a yau, suka zauna a tsibirin Birtaniya da harsunansu. Abin da suka riƙa magana da shi har zuwa wajen shekarar 1100 shi ake kira Tsohon Ingilishi, kuma Baturen yau ba zai iya karanta shi ba sai ya koya kamar baƙon harshe. A wannan harshe kakar *go* ita ce *gan*, da dogon wasali. Idan mutum yana son ya ce ya tafi, ba daga *gan* yake ƙera kalmar ba. Cewa yake yi *eode*. Wato tun shekara dubu da suka wuce, *go* ba ta da shuɗaɗɗen lokaci na jininta, da na wani take amfani. Masana suna danganta *eode* da *iddja* ta harshen Gotik, wanda aka sani ta fassarar Baibul da bishop Wulfila ya yi a ƙarni na 4. Wannan yana nuna cewa giɓin tsoho ne, an taho da shi tun daga nahiyar Turai.

A gefe guda kuma akwai wani aikatau mai zaman kansa, *wendan*. Ma'anarsa ta asali ita ce juyawa ko karkata akala. Ɗan'uwan *wind* ne mai ma'anar naɗewa ko murɗawa, kuma danginsu ɗaya da *wander*, yawo ba alƙibla. Har yau Bajamushe yana cewa *wenden* idan zai juya mota ko ya juya shafi. Ba a yi nisa ba ma'anar ta miƙe: wanda ya juya fuskarsa zuwa wani gari ai ya nufi garin, wanda ya nufi gari kuwa ya kama hanya. Mu ma muna yin irin wannan idan muka ce wane ya juya gida, ko ya karkata kasuwa. Haka *wendan* ta zama ɗaya daga cikin kalmomin tafiya.

Shuɗaɗɗen lokacinta shi ne *wende*, bisa ƙa'idar raunana, ba wani abin mamaki. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, harshen ya shiga zamanin da ake kira Ingilishin Tsakiya, inda ɗafa-ƙeyoyi da yawa suka zaizaye. A wannan zamani ne wani rukunin aikatau masu ƙarewa da *-nd* suka riƙa mayar da *d* zuwa *t* a shuɗaɗɗen lokaci. Daga nan aka sami *send, sent* da *bend, bent* da *spend, spent* da *lend, lent*. A wannan layi *wend, went* take. Idan aka ajiye ta kusa da waɗannan, sai a ga ba ta da wani aibu ko kaɗan. Kalma ce mai bin doka sau da ƙafa. Sai an ɗauke ta an ajiye kusa da *go* take zama abin al'ajabi.

Ita kuwa *eode* ba ta mutu nan take ba. Ta rikiɗe ta zama *yede* a wasu yankuna, *yode* a wasu, aka ci gaba da amfani da ita ɗaruruwan shekaru. Geoffrey Chaucer, babban mawaƙin Landan da ya rasu a 1400, yana da kalmomin biyu a rubutunsa, sai dai *wente* ta fi yawa nesa ba kusa ba. A cikin ƙarni na 15 rinjayen ya tabbata a kudancin Ingila. Lokacin kuwa ya zo daidai da wani babban al'amari: a 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a ƙasar, a Westminster, kuma Ingilishin Landan da kewaye ne ya riƙa fita daga injinan ɗab'i yana bazuwa. Abin da aka buga aka raba ko'ina yana da wuyar sauyawa. Zuwa wajen 1500 *went* ta zama ita ce shuɗaɗɗen lokacin *go* a harshen rubutu, kuma lokacin da aka fitar da fassarar Baibul ta Sarki James a 1611 ba a ma tuna da wata gardama ba.

Akwai wata hujja mai daɗi da ke nuna yadda *yede* ta mutu murus. Edmund Spenser, wanda ya fara fitar da doguwar waƙarsa *The Faerie Queene* a 1590, mutum ne mai son tsofaffin kalmomi, yana tono su don waƙarsa ta yi ƙanshin da. Ya tono *yede*, amma ya yi amfani da ita kamar aikatau na lokaci mai ci, ya ɗauka *yode* ce shuɗaɗɗenta. Masani ne, ya yi karatu a Kambirij, amma da alama kunnensa bai taɓa jin kalmar a bakin mai rai ba, don haka ya saka ta a inda ba wurinta ba.

A arewa labarin ya bi wata hanya. Mutanen Sikotland da wasu sassan arewacin Ingila sun yi abin da hankali zai fara kawowa: suka ɗauki kalmarsu ta tafiya, *gae*, suka liƙa mata ɗafa-ƙeya, suka sami *gaed*. Har yau ana jin ta a karin harshen Sikot. Da a ce fadar sarki da injin Caxton a Edinbara suke, mai yiwuwa da ɗaliban Kano da Kumasi wata kalma mai kama da wannan suke rerawa, kuma da malamai sun huta.

Ita *wend* fa, da aka raba ta da 'yarta? Ta tsira, amma da ƙyar. Da *went* ta koma gidan *go* gaba ɗaya, sai masu magana suka ƙera wa *wend* sabon shuɗaɗɗen lokaci, *wended*. A yau kusan a magana ɗaya kawai ake jin ta, *wend one's way*, wato mutum ya kama hanyarsa a hankali, kuma ko wannan ɗin sai a rubutun adabi ko a bakin mai son burgewa.

Masana harshe suna da suna ga wannan hali na cike giɓin wata kalma da saiwar wata. Bajamushe Hermann Osthoff ne ya yi masa nazari na musamman a 1899, kuma daga aikinsa sunan ya bazu. Mu kira shi cike-gurbi. Bai kamata ya ba mai jin Hausa mamaki ba, domin muna da shi a bakinmu kullum. Jam'in babba shi ne manya. Ba wata ƙa'idar jam'i da za ta fitar da manya daga babba, saiwa biyu ce aka haɗa aure, kuma ba Bahaushen da ya taɓa jin abin ya yi masa nauyi. Wanda ya yi karatun sarfu a zaure ya san cewa jam'in *imra'a* a Larabci *nisa'* ne, malamai sukan ce jam'i ne ba daga lafazinsa ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci sun sha fama da *aller*, wadda ta fi *go* rikici: *je vais*, *nous allons*, *j'irai*, saiwa uku a aikatau guda, biyu daga cikinsu daga kalmomin Latin *vadere* da *ire*. A Ingilishi kansa, *be* ta tattaro *am* da *is* da *was* da *been* daga tushe daban-daban, sannan ga *good, better* da *bad, worse*.

A lura da irin kalmomin da abin yake faɗa wa: tafiya, kasancewa, kyau, muni, girma, mace. Ba za a sami cike-gurbi a kalmar da ake furtawa sau ɗaya a shekara ba. A nan amsar tambayar da ta fi muhimmanci take, wato me ya sa *went* ta rayu shekara ɗari biyar alhali ƙa'idar *-ed* tana cinye maƙwabtanta. Domin ta cinye da yawa. A da shuɗaɗɗen lokacin *help* shi ne *holp*, na *climb* kuma *clomb*. Yau *helped* da *climbed* ake cewa.

A 2007 wasu masu bincike a Jami'ar Harvard, cikinsu da Erez Lieberman da Jean-Baptiste Michel da Martin Nowak, suka buga wani nazari a mujallar *Nature*. Sun bi sawun aikatau 177 waɗanda ba sa bin ƙa'idar *-ed* a Tsohon Ingilishi. Zuwa zamanin Ingilishin Tsakiya saura 145. A Ingilishin yau saura 98. Abin da ya fi jan hankali shi ne waɗanda suka faɗi ba a warwatse suka faɗi ba. Gwargwadon ƙarancin amfani da aikatau, gwargwadon saurin miƙa wuyansa: wanda ake furtawa sau ɗari ƙasa da wani, yakan koma bin ƙa'ida da sauri ninki goma. Bisa lissafinsu, rukunin da *go* take ciki, tare da irin su *come* da *do* da *say* da *see*, sai an yi shekara 14,400 kafin rabinsu su sallama. Ni dai ba na ɗaukar wannan adadi a matsayin duba, domin harshe ba ya tafiya da agogo, kuma wani lokaci yakan yi baya: *dig* a da *digged* take yi kafin ta koma *dug*, Amurkawa kuma sun ƙago *snuck* daga *sneak* a ƙarni na 19. Amma jigon maganar yana da ƙarfi. Kalmar da ba ta bin ƙa'ida sai an haddace ta, hadda kuwa sai da maimaici. Wadda yaro yake ji sau hamsin kafin azahar ba za ta kuɓuce masa ba. Wadda zai ji sau ɗaya a shekara, ranar da ya buƙace ta ba zai tuna ba, sai ya koma ga ƙa'ida, 'ya'yansa kuma su gaji abin da suka ji a bakinsa.

Ana ganin wannan kokawa ƙuru-ƙuru a bakin 'ya'yan Turawa. Yaro ɗan shekara biyu yakan fara da *went* daidai, domin kwaikwayo yake yi. Can sai a wayi gari ya fara cewa *goed*, wani lokaci ma *wented*, iyaye su ɗauka ya koma baya. Bai koma baya ba, ƙa'ida ya gano. A 1958 Jean Berko ta gwada wannan da yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai a Amurka. Ta ƙirƙiro kalmomin da babu su a harshen, irin su *wug* da *rick*, ta nuna wa yaran hotuna, ta bar su su ƙarasa jimla. Yaran da ba su taɓa jin *rick* ba suka ce *ricked*. Ba daga hadda wannan ya fito ba, tunda ba abin da za a haddace. Daga baya, a 1992, Gary Marcus da Steven Pinker da abokan aikinsu suka tattara maganganun yara masu yawa da aka naɗa, suka ga cewa irin kuskuren *goed* bai kai yawan da ake zato ba, a tsaka-tsaki bai wuce kashi 2.5 cikin ɗari ba. Wato yaron ya san *went*, lokaci-lokaci ne take ɓace masa, ƙa'ida ta yi maza ta cike wurin. Saboda haka malamin da ya ga *goed* a littafin ɗalibi ya zare bulala, a ganina ya yi gaggawa. Wannan ɗalibi ya fi wanda ya rera jerin ba tare da ya san me *-ed* take yi ba.

Kurakuran da suka fi damun mai jin Hausa ma ba *goed* ba ne. Na farko shi ne ninka alamar lokaci, a ce *did you went*. Ingilishi sau ɗaya yake yin alamar: idan *did* ta ɗauka, aikatau ya koma *go*. Wannan bai kamata ya yi mana wuya ba, tunda tsarinmu ke nan, abin da ke gaba ya ɗauki lokaci, aikatau ya zauna lafiya. Na biyu shi ne bambancin *has gone to* da *has been to*, wanda masu gyaran takardun WAEC da NECO suka san shi sarai. A nan Hausa tana da mabuɗi a hannu. Idan aka ce Audu ya tafi Legas, yana can ko yana hanya, ba ya nan: wannan ita ce *gone*. Idan aka ce ya taɓa zuwa Legas, ya je ya dawo: wannan ita ce *been*. Na uku shi ne *went* da ba ta nufin abin da ya wuce sam. *If I went there tomorrow* magana ce a kan gobe, siffar shuɗaɗɗen lokaci a nan tana nuna cewa abin zato ne kawai, kamar yadda muke cewa da a ce zan je.

Sannan *went* tana da ayyukan da ba su shafi ƙafa ba. Tana nuna sauyin hali, kuma galibi zuwa ga lalacewa: *the milk went bad*, madara ta lalace, *he went blind*, ya makance. Ba a cewa mutum *went healthy* idan ya warke, a nan wata kalma ake nema. A hirar matasan Ingila da Amurka kuma tana tsayawa a madadin "ya ce", musamman idan za a kwaikwayi murya ko wani sauti.

Akwai kuma *I have went*, wadda littattafan makaranta suke ɗauka babban laifi. Tsohuwa ce, ba yaran zamani suka ƙago ta ba. A ƙarni na 17 da na 18 masu ilimi da yawa sukan sa siffar shuɗaɗɗen lokaci bayan *have*, su rubuta *have wrote* ko *have spoke*. Robert Lowth, wanda daga baya ya zama bishop na Landan, ya yi tir da wannan ɗabi'a a littafinsa na nahawu na 1762, masu rubuta littattafan makaranta suka bi shi, har ta fita daga daidaitaccen harshe. Amma ba ta fita daga bakin mutane ba, ana jin ta har gobe a sassan Amurka da Sikotland da Ayaland. A ɗakin jarrabawa kuskure ce, kuma ɗalibi ya guje ta. A tarihi kuwa ci gaban mamayar da *went* ta fara ce: ta kori *yede*, ta nemi ta haɗa da *gone*, masu nahawu suka taka mata burki.

Inda *went* ta sha kaye gaba ɗaya shi ne Turancin Buroka na Afirka ta Yamma. A kasuwar Sabon Gari ko tashar mota a Legas, *I don go* ake cewa, ko *I bin go*, aikatau bai motsa ba, ƙaramar kalmar da ke gabansa ce take nuna lokaci. Ita *go* ɗin ma an ba ta ƙarin aiki, ta zama alamar lokaci mai zuwa: *I go come*, zan zo. Hausa ma daga kalmar tafiya ta samo nata, domin za ɗin da ke cikin za ni kasuwa ita ce a cikin za mu saya.

Ko a cikin daidaitaccen Ingilishi, ƙarfin *went* bai kai ko'ina ba. *Go* tana da 'ya'ya masu ɗafa-goshi, kuma sun gaji rikicin uwarsu. *Undergo* tana yin *underwent*, wannan ta zauna daram saboda kullum jaridu suna ba da labarin wanda aka yi wa tiyata. Amma *forgo*, wato haƙura da abu, ba a cika buƙatar shuɗaɗɗen lokacinta ba. Ƙamus ya ce *forwent*. Turawa da yawa, har da masu digiri, idan suka zo kanta sukan yi turus: *forwent* ta yi musu baƙo a kunne, *forgoed* kuma ta yi kama da maganar yara, sai su sauya jimlar gaba ɗaya su ce *gave up* ko *did without*. Su Lieberman, da suka duba jerinsu na 98, sun yi hasashen cewa wanda zai fara sallamawa nan gaba shi ne *wed*, ɗaura aure, saboda shi ne mafi ƙarancin amfani a cikinsu, kuma tuni *wedded* take gogayya da tsohuwar siffar a rubuce-rubuce.